Littattafan Rufa-Ido Da Suka Buɗe Mini Ido



Duk wanda ya taɓa zama a rumfata a Kasuwar Kongo ya san akwai wani kwali a bayan turamen atamfa da ba na bari yaran shago su taɓa. Wasu sun ɗauka kuɗi ne, wasu sun ce layu. Littattafai ne, yawancinsu na koyon rufa-ido, abin da iyayenmu ke kira dabo ko siddabaru. Ranar da wani dattijo abokin cinikina daga Garwa ya buɗe ɗaya, ya ga zanen hannuwa da kwabo tsakanin yatsu, sai ya ajiye da sauri kamar ya taɓa garwashi, ya ce, "Alhaji, har da kai?" Na ce, "Baba, zauna ka sha shayi, labarin da tsawo." Abin da na gaya masa ran nan shi zan gaya muku, sannan in lissafa muku waɗanda na fi so a cikin kwalin.

A 1996 ina da shekara 26. Shekara biyu ke nan da karya darajar sefa, a watan Janairun 1994, kayan waje sun ninka kuɗi, ciniki ya mutu murus. A daidai lokacin ne New Bell ta cika da samarin da ake kira feyman. Jiya kun sha koko tare, yau ya shigo unguwa da Marsandi yana watsa kuɗi. Babbansu da kowa ya san sunansa shi ne Donatien Koagne, wanda ake ta labarin yana ninka kuɗi har ga manyan ƙasashe, ya kuma ƙare a kurkukun Yaman, can ya mutu. Wata mai bincike, Dominique Malaquais, ta yi dogon nazari a kansu a 2001. Mu a lokacin ba nazari muke ba, kallo muke muna haɗiyar yawu.

Wani mutum ya zo rumfar kawuna sau uku. Ba ya taya kaya, abin da ka faɗa shi zai biya. Da aka kira azahar ya bi mu sahu. A zuwa na huɗu ya ja ni gefe ya ce yana da wata 'yar matsala, mai amana yake nema. Ya kai ni wani ɗakin otal a Akwa, ya buɗe akwati cike da baƙaƙen takardu, ɗauri-ɗauri. Ya ce dalar Amurka ce aka shafa wa baƙi don ta ƙetare iyaka, ruwan wankewar ne ya ƙare, kuma da tsada. Ya ce, "Ɗan'uwa, kar ka yarda da maganata. Zaɓi ɗaurin da ka ga dama." Na zaɓa. Ya ce in zaro uku da hannuna, na zaro. Ya sa su a ambulan, ya manne, ya miƙo mini tare da wata 'yar kwalba, ya ce in je gida in wanke ni kaɗai.

Daren nan na kulle ɗaki, na zuba ruwan a tasa. Wallahi ina kallo baƙin ya narke, ga dala ɗari-ɗari guda uku. Washegari na kai wa 'yan canji, suka duba suka ce lafiyarsu lau, suka ƙirgo mini sefa. Na ce a raina gani ya kori ji. Kafin mako ya zagayo na kwashe jarina da kuɗin da kawu ya ba ni ajiya, sefa miliyan 1 da dubu 800, na kai masa na sayen ruwa. Ya bar mini akwatin jingina. Yau shekara kusan talatin ina jiran ya dawo.

Kawu, Allah ya jiƙansa, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Allah ya mayar da alheri," kuma wannan ya fi mari zafi. Shekara huɗu na yi ina biya. Abin da ya fi tsaya mini a rai yanzu shi ne yadda kowa ya lallashe ni: ai ba laifinka ba ne, asiri aka yi maka, sun rufe maka baki. Inna ta karɓo mini rubutu. Ni ma na rungumi maganar hannu bibbiyu, don ta fi sauƙin haɗiya a kan in ce kwaɗayi ne ya ja ni. Kuma ta yaya zan musa? Ni na zaɓi ɗaurin, ni na zaro, ni na wanke, mutumin ma ba ya ɗakin.

Sai wajen 2003, ina duba littattafan makaranta na yara a wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai bakin titi, waɗanda ake ce wa na jikin poto, na ci karo da wani ɗan littafin dabo na yara da Faransanci, bangonsa ma ya cire. Ina buɗawa na ga zanen ambulan mai aljihu biyu: ka sa abu a gaba, ka manne, wanda ya yage ya tarar da abin da aka riga aka ajiye a baya. Na tsaya a rana kamar an dasa ni. Takardun da na zaro suna nan a aljihu ɗaya, dalolin gaskiya da aka shafa wa gam da ruwan aidin suna ɗayan. Ruwan tsadar nan kuwa, daga baya na gane, ƙwayar bitamin C ce aka daka aka jiƙa, ita ke kashe launin aidin. Dabarar da ake koya wa ɗan shekara goma don ya ba ƙannensa dariya, da ita aka raba ni da gumin shekara huɗu.

Daga nan na fara tarawa. Na farko da zan ce kowane ɗan kasuwa ya nema ba na Turawa ba ne ma. Sunansa Al-Mukhtar fi Kashfil Asrar, na Al-Jaubari, mutumin wani gari kusa da Dimashƙa, wanda ya rayu a ƙarni na 13. Babi 30 ne, kowane babi ya ɗauki wata ƙungiyar macuta ya tona cikinta: masu da'awar annabci, shehunan ƙarya, masu cewa suna haɗa zinariya, 'yan canji, masu rina doki su sayar, masu sa wa matafiya banju a abinci. Wanda ya yi karatun zaure zai iya lallaɓa Larabcinsa. René Khawam ya mayar da shi Faransanci da sunan Le Voile arraché, Humphrey Davies kuma ya mayar da shi Ingilishi, The Book of Charlatans, a 2020. Gargaɗi ɗaya: malam Jaubari ba ya tauna magana, akwai shafukan da ba za ka so 'yarka ta karanta ba, don haka a ajiye shi sama.

A ciki akwai labarin wani Bafarishe da ya zo Dimashƙa zamanin Sarki Nuruddin. Ya ɗauki dinari 1,000 nasa na kansa ya goge su suka zama gari, ya cuɗa da gawayi da wasu tarkace, ya mulmula ƙananan dunƙule. Ya yi shigar talaka ya kai wa wani mai sayar da magunguna, ya ce sunan abin tabarmak na Khurasan, ya sayar masa da arha ya tafi. Bayan an kwana biyu ya sake shiga, ya fito a matsayin masani, har labari ya kai fada cewa ga mai haɗa zinariya. Ya rubuta wa sarki kayan haɗi, a ciki har da tabarmak, ya ce a aika kasuwa a sayo, shi ba zai taɓa komai ba. Aka bi shago-shago aka samo. Mutanen sarki suka zuba a wuta da hannunsu, zinariya ta fito. Sarki ya ce a ƙaro, aka ce babu saura a gari. Bafarishe ya ce ai ya san kogon da ake haƙo shi a Khurasan. Aka haɗa masa dukiya da guzuri, ya kama hanya.

Da na kai ƙarshen labarin sai da na yi dariya har hawaye. Ashe ni da Nuruddin, sarkin da ya gagari mayaƙan Turai, jirgi ɗaya ya kwaso mu. Shi ma da hannun mutanensa aka yi, shi ma macucin ya zuba nasa kuɗin tukuna kamar yadda nawa ya sadaukar da dala 300.

Na biyu, Robert-Houdin, Bafaranshe mai gyaran agogo daga garin Blois, wanda ya rasu a 1871. Ga masu Faransanci shi ne ƙofa mafi sauƙi. Yana da Les Secrets de la prestidigitation et de la magie na 1868, inda ya koyar da aikin hannu daki-daki, da Les Tricheries des Grecs dévoilées na 1861, inda ya fallasa 'yan cacar da ke cuta da karta. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne tarihin rayuwarsa, Confidences d'un prestidigitateur. A 1856 gwamnatin Faransa ta aika shi Aljeriya musamman don ya nuna wa shugabannin Larabawa cewa "ƙarfin" Faransa ya fi na malamansu. Ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga ƙaramin akwati, ya ɗaga ba wuya. Ya ce to yanzu na zare maka ƙarfi. Mutumin ya yi ta nishi, akwati ko motsi. Gindin akwatin ƙarfe ne, ƙarƙashin dandamali kuma akwai maganaɗisu mai aiki da lantarki, a kunna a kashe. Ba na karanta wannan babi da daɗin rai, don raini ga Musulmi a fili yake a alƙalaminsa. Duk da haka ina so yaranmu su karanta, su ga an taɓa amfani da wasan yara a tsorata al'umma guda don a mulke ta. Waɗannan littattafan sun tsufa har sun zama na kowa, ana sauke su kyauta a waya daga Gallica, ma'ajiyar babban ɗakin karatun Faransa a intanet.

Karatu kaɗai dai ba ya isa. Sai hannunka ya yi abin sannan za ka yarda ido na da saurin ruɗuwa. A nan Modern Coin Magic na J. B. Bobo, na 1952, ba shi da na biyu a wurina. Da Ingilishi yake, amma zanen ya wadatar, ni da Turancin kasuwa na bi shi. Ba ya bukatar ka sayi komai, dala ashirin ɗin da ke aljihunka ta isa. Wata uku na yi ina maƙale ta a tafin hannu ina auna yadi, tana faɗuwa yara na dariya, kafin ta zauna. Ranar da na nuna kamar na ɗauke ta da hannun dama alhali tana hagu, uwargida ta bi hannun wofi da ido har na buɗe, ta ce "La ilaha illallahu!", ran nan na daina cewa an yi mini asiri. Matar da ke gane ƙaryata tun kafin in buɗe baki, ga shi na wuce ta da abin da na koya a shafi ɗaya.

Littattafan karta suna da yawa, kuma masana sun fi yaba The Royal Road to Card Magic na Hugard da Braue, na 1948, ga mai farawa. Ni ban ajiye karta a gidana ba, kun san yadda take a wurinmu, daga wasa sai caca. Abu ɗaya na ɗauka daga wannan fanni, a littafin The Expert at the Card Table da ya fito a Chicago a 1902 da sunan S. W. Erdnase, sunan da ba na gaskiya ba ne. Ya bayyana karta ukun nan da ake juyawa a kan kwali, irin wadda za ka gani wajen Ndokoti. Mai juyawa na riƙe biyu a hannu ɗaya, ka ɗauka ta ƙasa ya jefa, ashe ta sama ce. Waɗanda ka ga suna ci suna murna kuwa nasa ne. Ku gaya wa yaran da kuke aika da kuɗin kaya.

Sai ɓangaren da na fi jin daɗi yanzu da na manyanta, wato littattafan da ba dabara suke koyarwa ba, dalilin da ya sa dabara ke ci suke bayani. Darwin Ortiz yana da biyu, Strong Magic na 1994 da Designing Miracles na 2006. Na biyun ne ya warware mini ƙullin da ya daɗe a zuciyata. Bayaninsa shi ne mai kallo yana sa ido ne a tsakanin lokacin da ya ɗauka an fara da lokacin da abin mamaki ya faru. Gwani sai ya gama aikinsa kafin wannan lokaci, ko ya bari sai bayansa, ko ya yi shi nesa da inda ake kallo. Bafarishen Nuruddin ya gama aikinsa tun ranar da ya shiga shagon mai magani. Nawa ya gama tun daren da ya haɗa ambulan, ko in ce tun ranar da ya bi mu sallah. Lokacin da na buɗe ido ina sa lura a ɗakina, babu sauran abin gani.

Akwai kuma Sleights of Mind na 2010, na wasu masana ƙwaƙwalwa biyu, Stephen Macknik da Susana Martinez-Conde. Sun yi aiki da masu dabo, har da Apollo Robbins, wanda sana'arsa ita ce yanke aljihu a gaban jama'a don nishaɗi ya mayar wa mutum kayansa. Daga wurinsa suka gwada suka tabbatar cewa in hannu ya tafi a lanƙwashe ido na bin sa tiryan-tiryan, in ya tafi a miƙe ido na tsallakawa ya dawo. Babban darasin littafin a wurina shi ne hankali ba ya riƙe abu biyu a lokaci guda, ko da mutum ya rantse yana iyawa. Ku tuna mai zuwa da takardar 10,000 ya sayi abin 500, kana cikin ƙirga canji ya ce tsaya ina da ƙanana, ya ce a'a haɗa mini su zama babba, yana tambayarka lafiyar iyali. Ba wani turare ya shafa ba. Lissafi biyu ya ɗora maka. Tun da na karanta wannan na kafa doka a rumfa: a gama ciniki ɗaya, kuɗi su shiga akwati, sannan a buɗe wani. Gustav Kuhn ma, a Experiencing the Impossible na 2019, ya kawo gwajin ƙwallo: a jefa sama sau biyu, a na uku a yi kamar an jefa a bi da ido, ƙwallon na hannu. Fiye da rabin masu kallo suka ce sun ga ta tashi. Mutane masu hankali, ba a ba su komai sun sha ba.

Yara kuwa, a nemo musu Mathematics, Magic and Mystery na Martin Gardner, na 1956, dabarun da lissafi ke yi da kansa. Ga irin wanda jikokina ke so. Ka ce yaro ya rubuta lamba mai gida uku, ta farko ta fi ta ƙarshe da aƙalla biyu, misali 532. Ya juya ta, 235, ya ɗebe, saura 297. Ya juya wannan, 792, ya haɗa su. Kai kuma tun da safe ka rubuta 1089 ka sa a aljihunsa. Kowace lamba ya ɗauka nan za ta sauka. Wanda ya ƙi lissafi a lekol sai ga shi yana cika takarda yana neman inda zai kama kaka.

Na san tambayar da ke bakin wasunku, don ni ma ta hana ni barci. Na kai ta gaban malamin da na yi karatu a zaurensa a New Bell, na ɗauki littafin Bobo na nuna masa, na yi masa na kwabo. Ya yi murmushi ya ce in sake a hankali, na sake, na buɗe masa hannu. Ya tuna mini matsafan Fir'auna, yadda igiyoyinsu da sandunansu ba su zama komai ba, idanun mutane aka ruɗa. Ya ce abin tsoro shi ne neman taimakon aljanu, da da'awar sanin gaibu, da cin dukiyar mutane da ƙarya. Ya gindaya mini sharuɗɗa uku: in faɗa tun farko cewa dabara ce, kar in karɓi ko dala a kai, kar in bar kowa ya tashi yana zaton ina da wani abu. Akwai malaman da suka fi haka tsanani, suna ganin a bar shi gaba ɗaya, kowa ya tambayi nasa. Ni dai a kan sharuɗɗan nan nake, shi ya sa kullum nake tona asirin bayan na yi. Masu wannan sana'a a Turai da sun ji da sun kore ni daga ƙungiya, to ban shiga ba balle.

Bayan sallar layya da ta wuce, ƙanin uwargida da ke zaune kusa da mu a Village, mai sayar da kayan waya, ya zo da daddare yana ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe ya fito da wayarsa ya nuna mini bidiyon da aka turo masa ta WhatsApp: hannu cikin safar roba, baƙar takarda, tasa, sai ga kuɗin Turai. Ya ce, "Yaya, na san abin da za ka ce, amma wannan daban ne. Na je na gani, ni na zaɓa da hannuna." Rancen miliyan biyu yake so.

Ban yi masa wa'azi ba. Na ce ya dawo jibi. Na aiki yaro kantin magani ya sayo aidin da bitamin C, na ɓata dare guda ina haɗa ambulan, na yanka takardu, na sadaukar da 'yar dubu biyar ɗina. Da ya zo na zube masa ɗauri biyar a tabarma na ce zaɓi. Ya zaɓa, ya zaro ɗaya, na sa a ambulan na manne na ba shi, na ce shiga bayan gida kai kaɗai ka wanke. Ya fito riƙe da dubu biyar tana ɗiga, fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa. Na yage ambulan na nuna masa aljihu na biyu da baƙar takardarsa a kwance.

Bai kai musu kuɗin ba. Amma har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba, kuma yayarsa ta ce mini ya gaya mata wai nawa na wasa ne, na mutanen can mai yiwuwa na gaske ne, na dai toshe masa hanyar arziki. Dubu biyar ɗin ma bai dawo mini da ita ba. Littafin Jaubari na Faransanci yana wurinsa tun watan jiya, na sa masa takarda a daidai babin masu haɗa zinariya, ban tambaye shi ko ya buɗe ba tukuna.